Rasuwar Matacin Kujera ta Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushi daidai gwargwado, ni mai gyaran famfon ɗakin likitan haƙori nake sanar da rasuwar Mataci, wanda ya shekara shida a ƙarƙashin kwanon tofi na kujera ta biyu.

Ga wanda bai san marigayin ba: idan likita ya ƙwaƙule tsohon cikon haƙori, wannan mai ruwan toka, kusan rabinsa zaiba ce, guba. Majiyyaci ya kurkure baki ya tofar, ya tafi gida yana murna. Marigayi shi ke tace ruwan, ya tare garin cikon ya riƙe a cikinsa, ya bar ruwa ya wuce. Bai taɓa zuwa aiki a makare ba, bai taɓa neman a gode masa ba. Mutane nawa za a yi wa wannan shaida? A wannan ɗakin dai ban ƙirga ko ɗaya ba.

Ciwon ajalinsa ƙoshi ne. Tun watanni yake kukan "ƙululu, ƙululu". Sau uku na gaya wa likita a canja cikinsa, sau uku ya ce sai an rage layi.

Ranar Talata Goggo mai shara, wadda ba ta iya ganin datti ta wuce, ta kwance shi. Ta jiƙa shi da bilic, ta dirje shi da soson ƙarfe, ta juye tarin shekara shida a magudana, ta huda gindinsa da ƙusa don ruwa ya yi gudu. Ta miƙo min shi tana fara'a: "Mai famfo, ga abokinka na yi masa wanka." Na ce, "Goggo, wankan gawa kika yi masa."

Ban zarge ta ba. Wanda bai gaya mata ba nake zargi, kuma yana da farar riga.

Na bi bututun da ƙafata. Daga kwano sai kwata, daga kwata sai rafi, daidai inda yayana yake jefa koma. Kifin nan shi 'ya'yana ke ci duk mako. Zaiba kuwa ba ta dahuwa, ba ta soyuwa. A jiki take zama.

Marigayi ya bar tiyo ɗaya, roba biyu da likita guda mai sunkuyar da kai.

Jana'iza: ba za a binne shi ba, ba za a ƙona shi ba, ba za a jefa shi a bola ba. Yana cikin kwalba a rufe, yana jiran masu kwashe sharar guba. Famfon kujera ta biyu na kulle shi, makullin yana aljihuna har sai magajinsa ya iso. Layi ya jira.

Ana karɓar gaisuwa a gindin kwano. Yaya, idan za ka zo, ka zo hannu rabbana. Kada ka kawo kifi.