Minti Tara Zuwa Tsallake

A wani gari wai shi Ganinan, mai gari ya gina filin jirgin sama don kada a raina mu. Jirgin ɗaya ne, wurin zuwansa ma ɗaya: Tsallake, maƙwabciyarmu, wadda ake hango hasumiyarta daga kan katanga. An kafa allo da manyan baƙaƙe: kilomita arba'in, minti tara. Motar kasuwa kuwa awa guda take yi, amma wa zai yarda a ce ta ƙasa ya zo?

Malam Nomau tela shi ne waliyyin Ladidi, 'yar ƙaninsa marigayi, wadda ke Tsallake, kuma ranar Asabar ƙarfe biyu za a ɗaura mata aure. Bai samu ganin ƙanin nasa ba kafin ya cika, abin na cin ransa, don haka ya rantse wannan karon a kan lokaci zai isa.

"Malam, ka bi mota mana," in ji matarsa Talatuwa.

"Ke, raba ni! Minti tara fa."

Sai dai Majalisar Kara ta garinmu, mai kula da kada a kunyata kowa, ta yi doka: jirgi ba ya tashi ya bar wanda ya ce ga shi nan. Sarkin Jira ke kiran fasinjoji a waya ɗaya bayan ɗaya. Ranar ɗaurin auren saura mutum guda, wani Alhaji Jatau.

"Alhaji, kana ina?"

"Ga ni a bakin get!"

Ana jin ƙarar ruwan wanka ta wayar, amma ba a ƙaryata babba. Kafin Jatau ya iso, mutum uku sun gaji sun sauka neman abinci. Da suka dawo, matuƙin ya tafi gaisuwar surukai, shi ma yana bakin get.

Nomau ya yi ta faɗa. "Wallahi mutanen garin nan ba mu da kirki! Haka za mu ci gaba?" Kowa ya ce gaskiya ne. Can ya duba babbar rigarsa, duk ta yamutse da zama. Haba, waliyyi guda a haka? Ya ce bari ya leƙa gida a goge ta. Yana kishingiɗe yana jiran gawayi ya kama, waya ta yi ƙara.

"Malam Nomau, kowa ya hallara, kai kaɗai ake jira."

"Ga ni a bakin get!"

Haka aka yi ta yi, wannan ya shigo wancan ya fita, damina ta wuce, wata ta kama. Ranar da Allah ya sa kowa ya hallara, jirgi ya tashi ya sauka cikin minti tara cif. Muka yi tafi, mai gari ya ba Sarkin Jira lambar yabo.

Nomau ya tarar da Ladidi a tsakar gida da goyo a baya. Kunya ta rufe shi.

"'Yata, laifin mutanenmu ne. Tafiyar ba nisa."

Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa. "Ba komai, Baffa, liman ya ɗaura. Ni dama ban sa rai ba. Baba ne dai har ya cika bai yarda an rufe ƙofa ba, wai ka ce masa kana bakin get."