Nomau da Wurare Goma Sha Biyu

A ƙauyen Rafin Kuka akwai wani gida mai mutum uku: Inna Gambo, da ɗanta Nomau, da matarsa Dije. Nomau ba mahaukaci ba ne, gonarsa ma ta fi ta maƙwabta tsabta. Abu ɗaya ne da shi. Magana in ta shiga kunnensa, yadda ta shiga haka take zama, ba ya rage mata, ba ya ƙara mata. Dije ta gane haka tun tana amarya, ranar da ta ce ya riƙa iza mata wuta kafin ta dawo daga rijiya, ta dawo ta tarar itacen wata guda ya zama toka. Tun daga nan take auna magana kafin ta ba shi, kamar mai auna gishiri.

Nomau yana da ƙanwa, Saude, wadda ke aikin jinya a wani babban gari a Ingila. Mijinta Lurwanu kuwa bas ɗin cikin gari yake tuƙawa. Shekararsu takwas a can.

Wata rana Saude ta kira Inna a waya, ta ce, “Inna, gida zan dawo. Bai zage ni ba, bai dake ni ba. Ni in fita da asuba, shi ya dawo na yi barci. Mun zama kamar ’yan haya biyu a gida ɗaya.”

Inna ba ta iya hawa ko amalanke saboda gwiwa, balle jirgi. Mahaifinsu ya rasu, babu babba sai Nomau. Da aka gama masa takardu, ta zaunar da shi ta ce, “Mako uku za ka yi. Abin da suka ce ka yi, ka yi. Kada ka sa baki a maganarsu. In ta dage, ka taho mini da ita.”

Nomau ya ce, “To.”

Sunan garin ya gagari bakinsa, sai ya haƙura da shi. Abin da ya fara lura da shi a gidan shi ne firji, domin da shi mata da mijin suke magana. Saude ta rubuta saƙo ta manna, Lurwanu ya karanta ya manna amsa. A ƙarƙashin saƙonnin akwai wata tsohuwar takarda mai hotuna goma sha biyu, wuraren da baƙo ya kamata ya gani a garin: gidan tarihi, tsohuwar kasuwa, hasumiyar agogo, lambun furanni, har zuwa tafki mai kwale-kwale. Makon da suka iso ƙasar suka samo ta, suka ce wata rana za su zaga duka. Yanzu har launinta ya koɗe. Lurwanu kullum yana wuce wuraren da bas, bai taɓa shiga ko ɗaya ba. Da aka rasa yadda za a yi da baƙo, sai aka ɓalle takardar aka miƙa masa.

Wata rana, wato washegarin isowarsa, Saude za ta fita aiki ta ce, “Yaya, kada ka fita sai rana ta fito, sanyin nan zai kama ka.” Nomau ya ja kujera gaban taga ya zauna. Gajimare ya rufe sama, aka yi ta yayyafi. Kwana huɗu yana nan da takalmi a ƙafa da takarda a hannu. A na biyar Lurwanu ya tambaye shi ko garin ne bai yi masa ba.

“Rana nake jira.”

“Yaya Nomau, a nan in rana za ka jira, sai ka koma gida ba ka ga ko bakin titi ba.”

Ran nan Lurwanu bai manna saƙo ba. Ya jira matarsa a tsaye, ya ce, “Ke kika ce masa ya jira rana?” Ta ce, “Ni ce.” Iyakar hirar ke nan, amma Nomau ya ƙirga, ita ce ta farko da ya ji sun yi baki da baki.

Wata rana, ranar Asabar, Nomau ya nufi tsohuwar kasuwa. Lurwanu ya yi masa kwatance, ya ƙara da gargaɗi: “Mutanen nan ba sa wasa da layi. Duk inda ka ga layi, ka bi baya, kada ka tsallake kowa, kada ka fita har sai ya ƙare.” Hanyar kasuwa ta ratsa wani fili mai ciyawa, inda ya tarar da jama’a sun jeru, maza da mata, kowa da gajeren wando. Nomau ya kau da kai, ya bi baya. Aka busa usur, layi ya zabura da gudu. Nomau ya tattare babbar rigarsa ya bi. Sau uku ana zaga filin. Duk wanda ya gaji ya rage gudu, Nomau ma sai ya rage, don kada ya tsallake shi. Haka ya ƙare a bayan wata tsohuwa mai furfura, tana haki yana yi mata sannu da Hausa. Aka yi musu tafi, aka ba shi ayaba da ruwa. Kasuwa dai bai gan ta ba. Lurwanu ya hango shi ta tagar bas, ya dawo ya manna a firji: “Yayanki ya shiga tsere, ya zo na ƙarshe da ladabi.” Saude ta karanta, gefen bakinta ya motsa. Sannan ta koma ɗaki ta ci gaba da jera kaya a akwati.

Wata rana ya je gidan tarihi. Saude ta ce, “Ido kawai, Yaya. Kada ka taɓa komai a cikin ginin nan.” Ƙofar shiga da kanta ta buɗe masa, ya yi mata godiya. Ya ga takubba, ya ga tsofaffin tulunan da ko Dije ba za ta yarda ta zuba ruwa a ciki ba, ya yi mamakin mutanen da ke ajiye fasassun kaya a gilashi. Ɗakin ƙarshe kuwa ƙofarsa sai an tura, kuma mutumin da ya tura ta suka shigo tare ya riga ya fita. Nomau ya goya hannu a baya ya tsaya. Sai da aka zo rufewa mai gadi ya same shi yana kallon ƙofa, ya kira lambobin wayar Saude da Lurwanu da ke rataye a wuyan Nomau. Dukansu suka zo, kowa ta hanyarsa. A mota suka yi ta musun wanda ya fi laifi, Nomau yana baya bai sa baki ba.

Wata rana, ana jibi zai tafi, akwatin Saude ya riga ya fito falo, tikitinta yana kai. Nomau ya nuna hoton ƙarshe, tafki da kwale-kwale, namiji yana tuƙi mace tana zaune, ya ce nan yake son gani. Saude ta ce ba za a bar shi da ruwa shi kaɗai ba. Lurwanu ya ce ita ma ai ba ta iya iyo ba. Sai suka tafi su uku.

Mai kwale-kwale ya ba su ɗaya, ya koma rumfarsa shan shayi. Saude ta miƙa wa Nomau jakarta, da wayoyinsu biyu a ciki don kada su jiƙe, ta shiga ta zauna. Lurwanu ya shiga don ya daidaita jirgin, ya miƙo filafilan tuƙi ya ce, “Riƙe waɗannan, kada ka sake su ko me za a yi.” Saude ta ce, “Yaya, kwance igiyar mana.” Ba wanda ya ce ya shigo tukuna. Nomau ya matse filafilai a hammata, ya kwance igiya. Iska ta ɗauki jirgi.

“Jefo filafilan!” in ji Lurwanu.

“Ka ce ko me za a yi.”

“To ai na fasa! Jefo!”

“Wannan ma ai yana cikin abin da za a yi.”

Saude ta ɗaga murya, “Yaya, kira mai jirgin!” Amma sun yi nisa, iska ta tafi da maganar. Nomau ya sami benci ya zauna, jaka a cinya, filafilai a ƙirji.

Daga nan yana hangen su a tsakiyar ruwa, gwiwa da gwiwa, domin jirgin ba shi da inda mutum zai juya baya. Da farko hannuwa ne ke tashi, nata da nasa. Sai hannuwan suka sauka. Can Saude ta soma magana, ta daɗe tana yi, Lurwanu ya sunkuyar da kai. Ta share ido da gefen mayafi. Shi ma ya yi tasa, gajeriya. Daga baya ya cire takalminsa ɗaya ya soma tuƙi da shi, jirgin ya yi ta juyawa wuri ɗaya kamar kazar da ta sha bugu, agwagi suna bin su. Dariyar Saude ta ƙetaro ruwa har bakin benci. Nomau ya buɗe takarda, ya dubi hoto, ya dubi tafki, ya gyaɗa kai.

Sai bayan sa’a guda mai kwale-kwale ya lura, ya je ya jawo su. Ya tsaya kan Nomau yana ta faɗa da Turanci. Lurwanu ya ce, “Cewa yake bai taɓa ganin wawa irinka ba.” Bai saki hannun matarsa da ya kama don ta sauko ba. Saude ta zare takardar daga hannun yayanta, ta ninke ta saka a jaka.

Nomau ya sauka Rafin Kuka da akwatin Saude, cike da tsaraba. Dije ta kawo masa ruwa, ta tsaya tana kallonsa ta gefen ido. Inna ta leƙa bayansa, ba ta ga kowa ba.

“Ina ƙanwar taka?”

“Tana can.”

“Me ka ce musu?”

“Ba kin ce kada in sa baki ba?”

“To, yaushe ta ce za ta zo?”

Nomau ya kurɓi ruwa, ya ce, “Ta ce in gaya miki ba yanzu ba. Wai saura musu wurare goma sha ɗaya.”