Yadda Za Ka Kaɗa Jitar Illo Ba Tare da Mahaifinka Ya Ji Ba

Idan kai ɗan gidan malamai ne a Sakkwato, kuma duk abin so na duniya ka rasa wanda zuciyarka za ta liƙe wa sai jitar lantarki, to kakarka ta yanke saƙa. Ga hanya tabbatacciya wadda ba ta taɓa ba kowa kunya ba, in ka cire mutum ɗaya tilo da ya gwada ta. Sunansa Zayyanu, ɗan Malam Jalaluddeen limamin wani masallaci a Mabera. Shekara tara yana riƙe da mabuɗin ɗakin kayan sautin masallacin, wanda Malam ya tsallake yayyensa uku ya danƙa masa a gaban jama'a. Ba abin da Zayyanu ke taƙama da shi kamar mabuɗin nan. Bi sawunsa, ka sha mamaki.

Mataki na ɗaya: Nemi gwani

Kada ka sayi ta kanti, wannan aikin marasa kishin gida ne. Nufi Tudun Wada wajen Illo kafinta, mai yin ƙofofi da gyaran fanka, wanda ya haɗa jita har guda huɗu a rayuwarsa bai taɓa jin an kaɗa ko ɗaya ba. Gangar jikin itacen maɗaci ne, tsirkiyoyin wayar birkin keke, abin ɗaukar sautin kuwa zaren tagullar tsohuwar fanka ya naɗa da hannunsa.

"Wagga ba irin ta kanti ba ta," in ji Illo, yana shafa ta. "Maɗaci na. Ko jikanka shina gadon ta."

Ka gyaɗa kai irin na masana. Zayyanu ma haka ya yi, alhali a juye ya riƙe ta.

Mataki na biyu: Shigo da ita gida

Naɗe ta cikin tabarma. A gidan malamai ba a tambayar wanda ya shigo da tabarma, addu'a ma ake yi masa.

Mataki na uku: Ƙware a ɓoye

Babbar falalar jitar lantarki ita ce, in ba a jona ta ba, kukanta bai wuce na sauro ba. Wata uku Zayyanu ya yi yana kulle ɗaki bayan la'asar, yana karzar wayoyi har yatsunsa suka yi kanta. Yana lumshe ido, yana kaɗa kai, yana jin duk ƙasar Hausa ba na biyunsa. Kai ma haka za ka ji. Ka riƙe wannan hikima: makaɗin da ba a taɓa ji ba, ba a taɓa kushe shi ba.

Mataki na huɗu: Samo amfilifaya

Nan ne shaiɗan zai zo maka da shawara, kuma ka saurare shi da kyau. Me zai sa ka sayi amfilifaya, na'urar ƙara sauti, alhali ga ta can a ɗakin kayan sauti, ga wutar sola, ga mabuɗi a aljihunka?

Zaɓi hantsi, lokacin da masallaci ba kowa. Zayyanu ya zaɓi wata Laraba da Malam ya fita zuwa Wamakko gaishe da mara lafiya. Ya shiga ɗan ɗakin nan mara taga, ya turo ƙofa, ya jona jita. Nufinsa ƙaramar lasifikar ciki kaɗai zai kunna. Amma hannun da ya shekara tara yana kunna makunnai sau biyar a rana ba ya neman izinin mai shi. Ya kunna su duka, har da na manyan lasifiku huɗu da ke bisa rufi.

Mataki na biyar: Kada ka damu da unguwa

A Mabera, in lasifikar masallaci ta yi ƙara da hantsi, kowa ya san sanarwar rasuwa ce. Hajjo mai waina ta saki cokali ta fara salati. Masu shaguna suka rage rediyo, maza suka jawo huluna, kowa na lissafa tsofaffin unguwa a zuci.

"Wa ar rasu?" Hajjo ta tambayi maƙwabciyarta ta kan katanga.

Sai amsa ta sauko daga rufi, wani irin kuka kamar an taka wutsiyar jaki. Ya tsaya, ya sake tashi, ya shaƙe. Minti goma cur ana abu ɗaya. Malam kuwa, da ke bakin titi yana jiran mota, ya ji komai bai rasa ko wasali ba.

Mataki na shida: Tarbi mahaifinka

Ka bar idanunka a lumshe, ya fi armashi. Da Zayyanu ya buɗe nasa, ƙofa a buɗe take, Malam na tsaye, bayansa mutum kusan talatin da suka zo jana'iza. Bai yi tsawa ba. Ya miƙa hannu ya kashe makunnan da kansa.

"Zayyanu."

"Na'am, Baba."

"Wata nawa kana koyon abin ga?"

"Ukku, Baba."

"Wata ukku," in ji Malam a hankali. "Na ɗauka in ɗana za shi kunyata ni gaban mutane, ko ba komi shi yi da abin da ya iya. Kawo mabuɗin."

Zayyanu ya so a ce marinsa aka yi. Ya lalubo mabuɗin, ya miƙa da hannu biyu, kuma bai taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Togaciya

Mai wannan rubutu bai aike ka ba. Bai san Illo ba, ko da yake ya ji Illo na faɗa wa duk mai wucewa cewa jitarsa ta tara mutum talatin a kiɗan farko. Duk wanda ya bi matakan nan ya ga ba daidai ba, kada ya neme ni, ya nemi Zayyanu. Ba wuyar samu gare shi. Har yau shi ke riga kowa zuwa masallaci, ya tsaya a bakin ɗakin nan yana jiran ƙaninsa ya zo ya buɗe.