Ranar da Sifikar Kawu Ta Yi Wa'azi da Muryata

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe goma saura kwata na safiyar wata Asabar ba, don a daidai lokacin ne na leƙa ƙofar shagon kawuna in ga waɗanda suka zo intabiyu, na tarar babu mai baƙin gemu a cikinsu ko ɗaya.

Bari in ɗan koma baya. Ina shekarar ƙarshe ta difloma a fannin harkokin kasuwanci aka sallame mu mu je koyon aiki. Ni ban yi nisa ba. Ƙanin mahaifiyata, Alhaji Sale, yana da shagon wayoyi a bakin titi a nan Daura: waya, caja, batir, sifika, duk abin da ake soka wa wuta. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa "Uwata" yake kira na tun ina zanin goyo.

Ni irin ɗaliban nan ce da ke zama a layin gaba amma ba sa taɓa ɗaga hannu. In malami ya kira sunana, sai muryata ta shige cikin hijabi ta ƙi fitowa. Amma a ba ni biro da takarda, kai! Nan fa ni zakanya ce.

Da na ɗan kwana biyu a shagon sai na lura da wani abu. Mata ba sa son kutsawa cikin maza su tsaya ciniki. Wata ta tsaya daga nesa tana leƙe, wata mijinta ya zo ya zaɓar mata abin da shi ya ga dama, ta ƙare da waya kalar toka alhali ranta na kan mai ruwan hoda. Ga kuma wani ɗaki a jikin shagon da babu komai a ciki sai kwalaye da gizo-gizo. Na tara ƙarfin halina gaba ɗaya na ce wa Kawu a mayar da ɗakin ɓangaren mata, ni in riƙe shi in na gama karatu. (Ƙafarsa nake kallo lokacin da nake maganar, don haka har yau na fi tuna takalminsa a kan fuskarsa.)

Ya yi tarin nan nasa da yake yi kafin kowace magana mai muhimmanci, ya ce, "Uwata, kin kawo shawara. Amma ina neman mai tsaron kanta. Ki zaɓo min shi irin yadda aka koya muku. In na ga kamun ludayinki, sai in ba ki amsa."

Wayyo daɗi! A ranar ban san ta inda tuwo ya shiga ba. Na sa aka baza sanarwa, na tsara tambayoyi, na goge tebur, na ajiye kujera ɗaya a bayansa, tawa ke nan. Matsala guda ce: na san halina, ina ganin mutane komai zai gudu daga kaina. Sai dabara ta faɗo min. Bayan sallar asuba na kulle ɗaki na naɗi muryata a waya ina karanto tambayoyin, a kan in na rikice sai in saƙala ɗan iyafis mara igiya a kunne, a ƙarƙashin hijabi, in riƙa bin bayan kaina. Na fara da cikakkiyar sallama, don ni ko da waya nake magana ba na barin ladabi.

Da na tsaya a tambayoyin da shi ke nan. Amma ni kaɗai ce a ɗaki, kuma muryata ta fito tas kamar ta mai karanta labarai a rediyo. Daɗin bakina ya kwashe ni. Na zarce da sharhi a kan shagon, na yi na yi, har sai da Inna ta ƙwanƙwasa tana tambaya da wa nake faɗa.

Abin da littattafanmu ba su faɗa min ba, kuma ni 'yar garin na manta, shi ne a wurinmu yaro mai tarbiyya ba ya zuwa ya zauna gaban mutane yana yabon kansa. Babba ake turawa ya yi masa magana. Don haka masu neman aikin suna can tsallaken titi a gindin darbejiya sun harɗe hannu, iyayensu kuma suna shago. Ga Malam Liman na unguwarmu ya zo wa ɗansa. Ga Alhaji Ɗanjuma, dillalin shanu, tun daga Mashi ya taso a kan babur saboda ɗan ƙaninsa. Ga wani dattijo daga Sandamu da har aka tashi ban ji muryarsa ba.

To ku gaya min, wace 'ya ce za ta hau kujera ta harɗe a bayan tebur, Liman na wurin? Kujerar tawa ma shi aka ba. Ni shugabar kwamitin ɗaukar ma'aikata sai ga ni durƙushe a kan siminti.

"Ina kwana, Malam. Ina kwana, Alhaji. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Alhaji Sale, wannan ce manajar?" in ji dillali.

"Ita ce."

"Ikon Allah," Liman ya ce. "Ni fa na raɗa mata suna. Ranar har fitsari ta yi wa wanzami."

Aka yi dariya. Kawu ya ce, "Bismillah, Uwata, yi musu tambayoyinki."

Na buɗe baki. Tambayar farko da ta zo min ita ce wadda ake cewa mutum ya faɗi rauninsa. Na dubi rawanin Liman, na dubi siminti.

"Malam... mene ne... wato... ya gajiya?"

"Babu gajiya, 'yata."

"Ya iyali?"

"Ai mun gaisa," in ji dillali. "Ko intabiyun ke nan? In shi ne, mun ci."

Nan na ce lokacin dabara ya yi. Na zura hannu cikin hijabi na saƙala iyafis, na lalubo wayar na danna.

Sai na gaya muku wani abu game da babbar sifikar da ke ƙofar shagon. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a Kawu ya daina sa kiɗa, sai karatu da wa'azi. Duk layin sun saba: mai shayi, tela, 'yan acaɓa da ke fakewa a inuwa, kowa da kunnensa a wurin. A safiyar an dakatar da wa'azin saboda baƙi, amma sifikar a kunne take. Kuma jiya-jiya na haɗa ta da wayata ta bulutut don in gwada wa wani kwastoma. Waya kuwa ba ta manta abokin jiya.

Na ji gyaran muryata kamar daga nesa. Na ƙara sauti. Na ƙara. Na kai shi maƙura. Har ina cewa a raina, kai, iyafis ɗin nan akwai inganci, kamar muryar ta cika titi, ya kamata mu ƙaro odarsa.

"Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu!"

Dattijan nan suka amsa baki ɗaya. Daga waje ma na ji mai shayi ya amsa. Ni kaina na ƙasa, na ɗauka wani ne ya shigo suke amsa masa.

"Masha Allah," in ji Liman. "Wace malama ce wannan? Muryarta da kaifi."

"Tambaya ta farko," in ji malamar. "Me ya sa za mu ɗauke ka, mu bar sauran?"

"Ni?" dillali ya dafa ƙirji. "A ɗauke ni a kai ni ina?"

A nan ne na gane daga inda muryar ke fitowa.

Na fizgo wayar. Ta kulle kanta. Na ɗora yatsa, ta ce ba ta san ni ba (gumi ga sabon lalle, ina za ta gane ni). Lambobin sirrin da na yi shekara ina dannawa suka tashi sama kamar tantabaru. Na rarrafa na fizge wayar wutar sifikar daga soket. Ko gezau. Mai batir ce. Ni da bakina na ba Kawu shawarar ya sayo masu batir saboda yawan ɗauke wuta.

"A wannan kamfani," malama ta ci gaba, "ba sani ba sabo. Ko ɗan Liman ne, in bai ci ba, bai ci ba!"

Liman ya gyara zaman rawaninsa.

"Yanzu sai nazarin shagon. Ƙarfinsa: yana bakin titi. Rauninsa: mai shi."

Na yunƙura zan kai ga maɓallin sifikar, Kawu ya tare ni da carbi. "A'a, Uwata. Ba a katse wa'azi. Bari mu ji ƙarshensa."

Kuma muka ji. Daura ta ji. Na bayyana yadda Kawu ke sayar da manyan wayoyi alhali tasa 'yar ƙarama ce mai tocila, an ɗaure ta da kyauro. Na bayyana yadda in kwastoma ya nemi sabon yayi sai ya ce masa tsohuwar ta fi ƙarko, har mutum ya fasa sayen duka biyun. Na ce tsarinsa na ɗaukar ma'aikata shi ne duk wanda babarsa ta riga zuwa gaisuwa. Sannan, ya Allah, na kwaikwayi tarinsa. Na ƙara da muryarsa: "Ehem, ehem! Kasuwa ai ta Allah ce, a rufe shago in ɗan miƙe."

Dillali ya zamo daga benci yana riƙe da ciki. Dattijon Sandamu da bai ce uffan ba hawaye yake sharewa da bakin babbar riga. A waje 'yan acaɓa har da buga hon. Masu neman aikin ma sun matso, ɗan Liman a gaba. Abu na ƙarshe da sifikar ta faɗa shi ne muryar Inna: "Ke! Da wa kike faɗa da sassafen nan?"

Ban san yadda na isa gida ba. Takalmina dai a shago na bar shi. Ina shiga Inna ta dube ni ta ce, "Ashe da ƙanina kike faɗa." Labari ya riga ni.

Na kwanta zazzaɓin da babu shi. Ɓangaren mata kuwa na yi masa salla na binne. Abin da na koya, wanda babu shi a manhajar difloma, shi ne: kafin ka yi nazarin raunin wani, fara duba da wa wayarka take ƙawance. Kuma mai kunya ba rashin baki gare shi ba, rashin sifika ne.

Ana nan, bayan 'yan kwanaki, sai ga Kawu ya zo gaida Inna, da takalmina a leda. Na fito na durƙusa can nesa, kusa da randa.

Ya ba Inna labari kamar ba na wurin. Wai Liman ya rantse sai an yi wa ɗansa tambayoyin nan ba sani ba sabo, aka tara yaran aka yi musu, kuma ɗan nasa ya ci (ba abin mamaki ba ne, duk layin sun haddace tambayoyin). Wai sifikun sun ƙare kaf, kowa na neman irin wadda ko an cire ta daga wuta ba ta yin shiru. Wai mata sai leƙowa suke suna tambayar ina malamar.

Da muryar da ko randa ba ta ji sosai ba na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Maganar ɗakin nan kuwa... na san dai..."

Ya zaro 'yar wayarsa, ya gyara mata kyauro, ya mayar aljihu. Sannan ya yi tari, dogo, mai kyau, ya dube ni.

"An share ɗaki tun shekaranjiya, Uwata, ga makulli. Amma in za ki sake kwaikwayona a gaban jama'a, ki saurara da kyau. Kin ji yadda ake yin tarin. Naki bai nuna ba."