Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina a Dutsen Shafa

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da muka je Shafa ba. Asma'u, matar ɗana, ita ke rubuta mini wannan, kuma tun ban fara ba take danne dariya.

Lokacin wata bakwai ke nan da rasuwar Malam, mijina. Na fita takaba, amma na ƙi barin ɗakinmu na unguwar Rusaifa a Makka, inda muka yi shekara talatin da wani abu. Har yau in na tuna shi sai na yi kuka, ba na ɓoyewa. Ɗan farina kuwa ya matsa sai na koma gidansa. Wai gwiwoyina sun gama aiki, wai ba zan iya da hawa bene ni kaɗai ba. Ni kuma na ce inda Malam ya cika, nan zan jira tawa.

Da zafin Makka ya tsananta, ya ɗebe mu a mota zuwa Ɗa'ifa, muka yi ta hawa har Shafa, inda iska ke da sanyi ko da rana tsaka. A gindin dutsen akwai hanyoyin ƙafa guda uku, kowacce an shafa wa duwatsunta fenti. Mai gadin wurin ya yi mana bayani: mai koren fenti ta tsofaffi ce da masu goyo, mai rawaya ta masu ɗan ƙarfi, mai ja kuwa ta samari ce masu takalman hawan dutse. Ya ƙara da cewa kada wanda ya hau da abinci, saboda birai.

"Hajiya, ke kore za ki bi," in ji ɗana. "Kin ga, har kujeru aka jera muku."

Wannan "muku" ita ta tsaya mini a rai. Ni da na yi shekara ashirin ina dakon abincin alhazai a Arfa, da faranti a ka? Bayan Azahar, da na ga shi da matarsa sun miƙe a kan darduma, na zare ɗankwalina daga cikin hijabi na yi gammo, na ɗora kwanon wainar da na soyo, na sulale na kama hanya mai jan fenti. Nufina in kai ƙololuwa, in zauna in ci wainata, in ɗago musu hannu, maganar tashi daga Rusaifa ta mutu. (Batun birai kuwa, na zaci irin ƙananan nan ne na gonar gyaɗa a gida, waɗanda tsawa ɗaya ke kora.)

Da farko lafiya lau. Can sai hanya ta tsuke, dutse a damana, rami mai zurfi a haguna, silifas ɗina suna ta santsi a kan tsakuwa. Gwiwar nan da nake musu a kanta ta fara rawa. Ina shan wata kwana na gan shi: gwaggon biri, ƙato, gashin kafaɗarsa fari-fari kamar dattijo ya yafa bargo, ya zauna a tsakiyar hanya. Na ce, "Yalla, tafi!" Ya yi hamma, na ga haƙoran. Na juya zan koma, sai ga wasu huɗu a bayana. Babu wanda ke kallon fuskata, duk kwanon suke kallo.

Daga inda nake ina hango ɗana can ƙasa cikin farar jallabiya, yana ta nemana a hanyar tsofaffi. Kira ɗaya zai ɗago. To amma a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, balle shi da ya ci sunan mahaifin Malam. Shekara arba'in da ɗaya bakina bai taɓa furta shi ba. A gida "kai" kawai nake cewa, ya juyo.

Na ɗaga murya: "Kai!"

Bai ɗago ba.

"Kai, wannan!"

Wani Bapakistane ya ɗago mini hannu yana murmushi, ya zaci gaisuwa ce. Babban birin ya matso taku biyu.

"Mijin Asma'u!"

Wallahi maza biyu ne suka waiwayo, kuma babu nawa a ciki.

Ban ga tsallen birin ba. Nauyi kawai na ji a kafaɗa, da wari, da numfashi mai zafi a kunnena. Ya fizgi kwano, ya haɗa da gammo da hijabi gaba ɗaya. Na faɗi zaune, ƙafata ɗaya tana reto a bakin rami, silifas ɗin ya tafi ban ji saukarsa ba. A nan ne na buɗe baki na kwarara sunan yaron nan, cikakke, da duk ƙarfin da ya rage mini. Dutsen kuma bai rufa mini asiri ba, ya maimaita har sau uku. (Asma'u, kada ki rubuta sunan. Sau ɗaya ya isa.)

Duk wanda ke wurin ya ɗaga kai: Larabawa da 'ya'yansu, masu sayar da shayi, mai gadi. Ga tsohuwa a saman dutse, kai babu ɗankwali, birai suna rabon waina a gefenta, ɗaya yana jan hijabinta a ƙasa.

Ban san yadda ɗana ya hawo da sauri haka ba, shi da mai gadi da sanda. Ɗana ya cire shimaginsa, wato mayafin kan nan na mazan Saudiyya, zai rufa mini, sai hannunsa ya tsaya. Ya ga kaina. Tun ranar da aka fita da Malam ban yi kitso ba, ban ko taje ba. Gashin ya dunƙule ya yi tamau, fari fat. Wata bakwai ina ɓoye shi a hijabi, in suka zo gaishe ni in ce lafiyata ƙalau.

Ya rufa mini a hankali. Ya ce, "Hajiya, haka kike zaune a ɗakin nan?"

Sai na fashe da kuka. Ya durƙusa ya goya ni, ni da na goya shi, muka fara gangarowa mutane suna ba mu hanya. Mun yi nisa, sai na ji bayansa yana girgiza don dariya.

"Ashe dai kin san sunana."

"Rufe mini baki, ka kalli gabanka."

A satin nan na miƙa wa mai gidan Rusaifa makullinsa. Na tsaya a bakin ƙofa na yi kukana har na gaji, babu wanda ya hana ni. Daga nan sai gidan ɗana, inda Asma'u ta kwana biyu tana tsefe mini kai da man zaitun.

Abin da na koya ba shi da yawa. In tsohuwa za ta nuna wa 'ya'yanta tana da sauran ƙarfi, to ta nuna a ƙasa, inda babu rami. Kuma kafin ta fita, ta fara yin kitso.