Bencinan Mai Girma da Lissafin Autata

Jama'a, yau da safe hedimasta ya aiko a kira ni, na bar wandon mutane a kan keken ɗinki ban gama kalmasa ƙafa ɗaya ba. Laifin 'yar autata ne wai, amma in an bi diddigi nawa ne.

Ni tela ne, karatuna bai yi nisa ba. Kwanakin baya da na ji yarinyar tana rera "shida sau bakwai" kamar waƙa, amsar kuma kullum daban, sai na zazzage gwangwanin maɓallai a teburin yanka. Na ce, "Jera layi shida, kowanne bakwai, ki ƙirga. Ki juya su layi bakwai, ki sake ƙirgawa. In amsa ta zo ɗaya, ki riƙe ta. Ko ni na faɗa miki, ki duba." Wannan maganar ta ƙarshe ita ta ja mini.

Jiya Mai Girma Babban Mayankin Ƙyalle, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya je makarantarsu ƙaddamar da bencina. Ya ce aji shida ne, kowanne ya samu bakwai, jimla saba'in cif. Ana cikin tafi Auta ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, arba'in da biyu ne."

Ya yi murmushi ya ce yaro yaro ne. Ita kuwa ta juya ta ƙirga bencinan da aka jera a fili, ta ce, "Kuma waɗannan sha huɗu ne. Sau biyu na ƙirga."

Yau da na isa makarantar, na tarar da hedimasta yana share gumi da hula. Ya ce, "Malam, shekara biyu ta rage mini in yi ritaya. So kake a cilla ni makarantar da mota ba ta zuwa?"

Na ce, "Malam, amsar ce ba daidai ba?"

"Amsar daidai ce. Wurin ne ba daidai ba."

Ya ce in ba ta rubuta takardar ban haƙuri ba, ta zauna a gida mako biyu. Na leƙa ajinsu in ga bencinan da ake rigima a kansu, na tarar da yara zaune a siminti.

A hanyar dawowa na haɗu da maƙwabcina direban babbar mota, na kai masa ƙara. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ai ni na kwashe su ana gama tafi. Makarantarku ce ta biyar da na kai su wannan makon. Har fenti ya fara gogewa."

Na tsaya a bakin titi na lissafa da yatsu. Sha huɗu sau biyar, saba'in, babu ko ɗaya da ya ɓata. Ashe Mai Girma gwanin lissafi ne, mu ne ba mu san abin da ake ninkawa ba.

Auta ta rubuta takardar, ni ma ga tawa nan a bainar jama'a. Roƙona ɗaya, Ranka ya daɗe: in motar za ta sake biyowa ta wajenmu, a bar yaran su ɗan zauna kafin a loda.