An Mayar wa Mano da Amawalinsa

Jiya da hantsi ina tura motona mai ƙafa biyu a layin esansi, wato man fetur, layin da ya taso daga bakin tasha ya lanƙwasa har bayan masu gawayi, sai na ɗaga kai don in huta da kallon ƙeyar mutumin gabana. Nan na yi arba da wani ƙaton allo da aka kafa a mararraba. Jama'a, na daɗe a Arlit, amma ban taɓa sanin a aljanna muke zaune ba sai jiya. Lambu ne kore shar, albasa ta yi kai, tumatir ja wur, ruwa yana gudu tsakanin fangali. Can baya, tudun tarkacen da haƙar ma'adini ta tara mana an shafa masa shuɗi, ya koma dutsen da mutum zai so ya kai iyalinsa shan iska. A tsakiya ga wani bawan Allah yana dariya, haƙora duk a waje. A ƙasa kuma godiya ce ga Mai Girma Sarkin Aza Harsashi, Allah ya ƙara masa siminti.

Sai da na ƙura ido na gane bukkar da dabinon nan mai karkata. Lambun maƙwabcina Mano ne, mai dariyar kuma wai shi ne. Mamaki ya sa na saki layi, wani ɗan kabu-kabu ya shige gabana, kuma a kansa esansin ya ƙare.

Bari in gaya muku wane ne Mano. Ba'abzine ne, manomin lambu, mutumin kirki da ba ya son surutu. Katanga ɗaya ta raba mu shekara da shekaru, amma ban taɓa ganin bakinsa ba. Ko shayi zai sha, ta ƙarƙashin amawalin rawaninsa, ƙyallen da ke rufe masa baki, yake cusa kofin. A wajensu namiji ba ya buɗe baki a bainar jama'a, balle a gaban surukinsa. To, injin ban-ruwansa ya mutu tun kwanakin baya. Shi da matarsa suna ta jan guga har hannu ya yi kanta, albasa kuwa tana ta rawaya. Mai Girma ya yi alkawarin raba sababbin injuna ga lambunan da suka shiga wani hali, ya turo a ɗauki hoto don shaida. Mano ya tsaya cikin albasarsa mai mutuwa, fuska a rufe, aka ɗauka.

Tunda babu esansi, na jingine moto na taka da ƙafa zuwa biro, wato ofishin da ake yi wa Mai Girma hotuna. Na tarar da Yasir, mutumin Maraɗi, gaban na'urarsa, iska mai sanyi tana kaɗa shi.

Na ce, "Yasir, wannan ƙaryar fa?"

Ya ce, "Haba Baba, ba ƙarya ba ce, fasaha ce. Hoton ya zo duk rawaya, Mai Girma ya ce yana sa mutum baƙin ciki. Zo ka gani."

Ya buɗe hoton na asali, ga Mano ga ƙasa a tsattsage. Ya danna wani wuri, hoton ya koma kamar an zana da fensir. Ya sake dannawa, ya koma fentin ruwa, komai ya yi laushi. Ya ƙara, sai ga shi kamar an shafa fentin mai da buroshi. Sannan ya ja wani ɗan maɓalli zuwa dama, ina kallo rawaya ta zama kore. Wallahi na sha ganin damina, ban taɓa ganin wadda ta sauka da sauri haka ba.

Na ce, "To bakin fa? Ina ka samo shi?"

Ya ce, "An ce lalle manomin ya yi murmushi. Na duba, babu baki. Sai na ari na direbanmu."

Da na tambayi batun injin, sai ya sunkuyar da kai. Ashe masu rabon sun kalli zanen, sun ce wannan lambu ba ya bukatar komai, shi ne ma abin koyi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san abin da albasar nan take nufi a gidan Mano. Ita ce hatsinsu, ita ce maganin yara.

Dama ɗaya ta rage. Bayan azahar Mai Girma zai zo ya yanke ƙyalle don buɗe allon, domin a garinmu har allo ana buɗewa da kiɗa, kuma a nan za a raba injunan. Na ruga gida na sami Mano zaune, ya ja amawali har kusan ido. Labari ya riga ni isa. Surukinsa, tsoho Amastan, ya shigo kasuwa daga Dannet da safe, kuma ta mararrabar nan ya bi.

Mano ya ce, "Ya tsaya, ya kalla, ya wuce. Mata na yana kuka."

Na ce, "Mano, bakin ma ba naka ba ne, na direba ne."

Ya ce, "Amastan bai san baki na ba. Yaya zai san ba nawa ne ba?"

Na ja shi muka nufi mararraba. Na dai yi ta nanata masa a hanya: in an ba ka magana, ka ce inji. Kalma ɗaya ce, inji. Ya gyaɗa kai.

Aka taru, aka yi jawabi mai tsawo kan yadda hamada ta zama dausayi. An jera injuna sababbi fil, ana ta miƙawa. Har na ga ɗaya ya tafi hannun wani da na san ko tukunyar na'ana'a ba shi da ita a gida. Saura guda. Sai Mai Girma ya sa aka kira manomin da ke cikin zanen, ya dafa kafaɗarsa don masu hoto, ya ce, "Gwarzon manomi, roƙi abu ɗaya a gaban jama'a, yau za a yi maka."

Na daki ƙafar Mano. Ya dubi injin, na ga ya dube shi da kyau. Sannan ya ɗaga kai ya dubi haƙoran direba da ke saman allo, ya ce, "Ranka ya daɗe, a mayar mini da amawali na."

Aka yi tafi raf-raf. Mai Girma ya yaba da manomin da ba shi da kwaɗayi, injin ƙarshe ya bi wani, ni kuma na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka. Kafin magariba Yasir ya zana amawali mai kyau, baƙi mai sheƙi, an buga an liƙa a kan fuskar.

Yau da safe na leƙa lambun, na tarar da Mano yana tuge albasar da ta mutu. Na yi masa faɗa sosai, na ce ya sayar da abincin 'ya'yansa a kan ƙyallen da ko taɓa shi ba zai iya ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Albasa ya mutu, baɗi ina shuka wani. Fuska fa, ina zan shuka wani?"

Har yanzu ina jin haushinsa. Abin da ya rage shi ne in yi adalci in jinjina wa Mai Girma, domin tun da na zo garin nan wannan ne alkawarin farko da na ga an ɗauka da rana an cika kafin faɗuwarta. Saboda haka, 'yan uwana talakawa, in Allah ya kai ku gaban manya aka ce ku roƙa, ku roƙi abin da ake iya zanawa.